Ɓarawon Shagon Mai Agogo

Ranar da sabon kashi na wasan "Shagon Mai Agogo" ya fara yawo a wayoyin mutane tun ba a haska shi a talabijin ba, ma'aikatan gidan da ke shirya wasan suka ce tsautsayi ne. Da abin ya maimaita kansa mako na gaba, sai suka daina cewa komai, kowa ya koma kallon ɗan'uwansa ta gefen ido. Wanda ya saba barin wayarsa a kan tebur ya fara cusa ta a aljihu. Hirar ɗakin shayi ta mutu murus. Da aka sake sace wani kashin, masu ba da talla suka bugo, suka ce in dai kowa zai kalli wasan kyauta kafin ranarsa, to su wa za su nuna wa sabulunsu? Nan ne Darakta ya kira 'yar kawunsa.

Injiniya kowa ke ce mata, har surukarta. Tana aiki ne a kamfanin da ke ja wa ma'aikatu layin intanet mai gudu, ya kuma sa ido a kansa. Wurin zamanta ɗaki ne mai sanyi ƙalau, bangonsa duk manyan alluna, kowanne da zane kore yana hawa yana sauka, yana nuna yawan bayanan da ke shiga da fita a wata ma'aikata. Wasu abokan aikinta na cewa aikin gundura ne. Ita kam daɗinsa take ji. Daga kujerarta tana gane lokacin da ma'aikatan banki suka fita cin abinci, da ranar da ɗaliban wata makaranta suka gano kalmar sirrin malamansu. Ga rigar sanyinta a bayan kujera, ga kofin shayinta mai murfi, ba ta neman ƙari.

"Yaya, sata ce da gaske, ko dai yaranka ne ke tura wa 'yammatansu?" ta ce tana dariya.

"Ke ba ki san lokacin wasa ba? Gida na neman rushe mini a ka, kina tsokana. Na dakatar da yarinyar da nake zargi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Zo ki duba mini."

"Ka yanke hukunci, sannan ka nemi mai bincike. Halinka tun muna yara. Ga ni nan tafe."

*

Gidan shirya wasan tsohon sito ne da aka gyara. A babban zaurensa aka gina shagon gyaran agogo na ƙarya, bango cike da agoguna, amma duk an cire musu batir don kada ƙararsu ta shiga sauti. Jikin zauren akwai ɗakin shayi mai firji da butar wuta. Daga nan sai dogon lungu, da ɗakin tace hoto, da ofishin Darakta, da wani ɗan kurkukun ɗaki inda rumbun ajiya yake, wato injin da ake tara duk abin da kyamara ta ɗauka. Hoton wasa nauyi gare shi, shi ya sa tun farko aka ja musu layi mai gudu.

Darakta ya ce rumbun ya nuna da sunan Almakashi da kalmar sirrinta aka buɗe duk kashin da aka sace. Almakashi ita ce mai tace hoto, ta yanke nan ta haɗa can, shi ya jawo mata sunan. Injiniya ta same ta a ɗakinta tana zuba kayanta cikin kwali, idanu sun yi luhu-luhu.

"Ƙanwata, ajiye kwalin mu yi magana. Wa ya san kalmarki?"

"Wallahi Anti babu kowa. Ko a takarda ban taɓa rubuta ta ba."

"Kina tafiya da aiki gida?"

"Da wane layin? Layin gidanmu ko hoton katin gayyata sai ya yi ta lilo kafin ya buɗe. Ni fa ba korar ce ta dame ni ba. A sana'ar nan in aka ce miki ɓarauniya sau ɗaya, babu wanda zai ƙara ba ki hotonsa ki riƙe."

Suna cikin haka wani dattijo ya leƙo, da tabarau a goshi da rigar aiki mai tabon mai. Ko a mafarki Injiniya ta gan shi za ta gane shi. Shi ne tauraron wasan, shekara da shekaru yana fitowa a matsayin Mai Agogo har sunan ya bi shi kasuwa. Ya ajiye wa Almakashi alewa a kan tebur, ya dafa bayan kujerar da ke kusa da tata.

"'Yata, ki yi haƙuri. Komai zai wuce." Ya juya ga Injiniya da fara'a. "Ke ce mai kama ɓarayin iska? To Allah ya taimaka."

Da ya fita Almakashi ta share ido. "Shi kaɗai ke gaishe ni yanzu. Kujerarsa ce wannan. Kullum in an tashi ɗauka nan yake zama ya kalli fitowarsa, yana yi wa kansa faɗa."

*

Injiniya ta shiga ɗakin rumbu, ta jona wata 'yar na'ura da ke kwafo mata duk abin da ke wucewa ta layin zuwa allon kwamfutarta. Ba ta karanta saƙon kowa. Abin da take gani shi ne wace na'ura ke aikawa, zuwa ina, kuma da wane yawa. Ta nemi kujera, ta zauna tana kallon zanen kore kamar mai kallon kogi.

Rana na yin tsaka zanen ya yi tsalle har ya kusa taɓa saman allo. Kaya mai nauyi na fita daga kwamfutar mai kyamara, wani zanƙalelen saurayi da ake kira Dogo. Ta same shi a bayan zaure yana goge gilashin kyamara da ɗan ƙyalle.

"Dogo, me kake aikawa duk tsakar rana?"

Ƙyallen ya faɗi. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Anti, ki rufa mini asiri."

"Ya danganta da girman asirin."

Ya buɗe mata kwamfutar. Ango da amarya ne suka cika allo, ana yanka kek, wata tsohuwa na rawa da sanda. Ashe ranakun hutu bukukuwan mutane yake ɗauka, ya zo ya aika musu ta layin ofis don ya fi gudu.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Satar layi kake yi, ba satar wasa ba. Ka je da kanka ka faɗa wa Darakta kafin ni in faɗa, zai fi maka sauƙi. Ka kuma aiko mini da tsohuwar nan mai sanda, ta burge ni."

*

Da yamma a gida, maigidanta na gyara wa ƙaramarsu igiyar jakar makaranta, ita tana jera kwanuka, sai surukarta ta fito daga ɗaki da waya a hannu, fuska a murtuke.

"Injiniya, an ce wurin masu Agogo kika je. To ki gaya musu ba mu yafe ba."

"Inna, me suka yi miki?"

"Kashe shi za su yi! Maƙwabciya ta nuna mini wanda ba a haska ba tukun. Yana ta tari, likita na girgiza kai. Mu fa ba yara ba ne, mun san inda aka dosa. Duk matan layin nan mun aika musu saƙo, in suka kashe mana Mai Agogo mun daina kallo."

Maigidan ya ɗago yana murmushi. "Inna, kayan sata fa kika kalla. Ga mai binciken nan a gabanki, ki yi hattara."

"Ta kama ni mana, in ga wanda zai yi mata renon 'ya'ya."

Aka yi ta dariya. Injiniya ta zuba wa Inna abinci, ta zauna kusa da ita, amma maganar ta tsaya mata a rai.

*

Washegari ta nemi marubucin wasan. Mutum ne siriri mai saurin fushi, kuma ana ta raɗe-raɗin wani gidan wasa na zawarcinsa, don haka rabin ma'aikata shi suke zargi a ɓoye.

"Malam, da gaske Mai Agogo zai mutu?"

Ya jefar da biro. "Zai mutu! Labarin ya tsufa, ba ya motsi. Sai tsohon ya kauce 'ya'yansa za su samu abin yi a shagon. Na faɗa wa Darakta, na faɗa wa shi Baba Mai Agogo da bakina, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Jibi ma za mu ɗauki mutuwar. Amma ki ga abin da ɓarawon nan ya jawo mini." Ya miƙo mata wayarsa, saƙonni rututu, wasu roƙo wasu zagi. "Darakta har ya fara cewa ko a ɗaga masa ƙafa, a ce likita ne ya yi kuskure. Ni in sace labarina don a ɓata mini shi? Sai ka ce ba ni da hankali."

"An ce za ka bar gidan."

"An ce! Sun neme ni, na ce sai na binne tsohon nan da hannuna."

Ta duba kwamfutarsa a allonta. Banda rubutu da waƙoƙin da yake saurare, babu abin da ke shiga ko fita. Ta bar shi yana ta huci.

*

Ta koma kan allo, ta yi abin da ta fi iyawa. Ta cire bukukuwan Dogo daga zanen. Ta cire kashin da ake aika wa gidan talabijin bisa ƙa'ida. Ta cire saƙonni da kiran waya da waƙoƙin marubuci. Tana cirewa zanen na ƙanƙancewa, har ya kwanta. Amma bai kwanta duka ba. Can ƙasa akwai wani siririn zare, ɗigo-ɗigo kamar famfon da bai rufu da kyau ba, yana fita tun safe har a tashi aiki. Kaɗan ne ƙwarai, ba mai lura da shi cikin hayaniyar rana. Amma in ya yini yana ɗiga har mako, ya isa ya kwashe kashi guda cif.

Na'urar da ke ɗigon da sunan firinta take amsawa. Ta tambayi Darakta ina firintar.

"Wace? Tsohuwar? Ai tun bara muka jefar da ita."

"To fatalwarta na nan tana aiki, kuma da kalmar Almakashi take buɗe rumbu."

Ya miƙe zumbur. "A rufe ƙofa! A caje kowa!"

"Zauna, Yaya. Wayar layin ta shiga silin ta rabu zuwa ɗakuna da yawa, ban san inda abin yake ba tukun. In ka ta da ƙura, mai shi zai zare kayansa, ka tashi ba ɓarawo ba shaida, yarinyar nan kuma ta tafi da tabo har abada. Na'ura ba ta da wahalar samu. Hannun da ya jona ta nake nema."

Abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Zaren ba ya tafiya a miƙe. Yakan yanke ɗif, ya ɗan jima, ya dawo. Wani yankewar gajere, wani dogo, babu tsari. A tarihin layin da kamfaninta ke ajiyewa ma, akwai wata rana a makon jiya da ya yanke tun hantsi bai dawo ba sai washegari. Na'ura ba ta gajiya, ba ta zuwa cin abinci. Me ke tsayar da ita?

*

Kanta ya ɗau zafi, sai ta ɗauki kwamfutar ta tafi ɗakin shayi neman ruwan sanyi. Ta zauna tana kurɓa, allo a buɗe a gabanta, firji na ta gurnani a kusurwa. Ta bango tana jin ana shirin ɗauka a zaure.

"Shiru! Za a ɗauka! A kashe firji!" muryar Dogo ke nan.

Wata mai yi wa 'yan wasa kwalliya ta shigo da gudu, ta miƙa hannu bayan kabad ɗin kofuna ta danna makunni, ta fice. Gurnanin ya tsaya. Injiniya ta kai kofi baki, idonta ya sauka kan allo, sai hannunta ya tsaya a iska. Zaren ya yanke.

Ba ta motsa ba. Ta ji ana wasa a zaure, tarin Mai Agogo, kukan wata mace, sannan Darakta ya ce, "Yanke!" Ko minti ba a yi ba sai ga Baba Mai Agogo ya shigo, da hodar rashin lafiya a fuska. Ya miƙa hannu bayan kabad, firji ya ci gaba da gurnani.

"In ban kunna ba, 'ya'yan nan sai su bar mu da ruwan wanka," ya ce yana dariya. Ya ɗebi ruwa ya fita.

A allo, zaren ya dawo.

Da ɗakin ya zama ba kowa ta durƙusa ta haska fitilar waya bayan kabad. Makunnin na ba wa wani soket mai baki biyu wuta. Baki ɗaya na firji ne. Ɗayan kuma wata siririyar waya ce baƙa da ta bi ƙasan kabad zuwa wani ɗan akwati kamar na ashana, an manne shi da salatif, an jona shi da tsohon ramin layin firinta. Ta kalle shi ta ƙoshi, ba ta taɓa ba.

Ta sami Dogo yana naɗe waya. "Kullum sai an kashe firji?"

"Dole, Anti. Gurnaninsa na ratsa bango ya shiga sauti. Da can ma sai a manta da shi a kashe ya yini. Baba ne ya ɗauki nauyinsa kwanan nan, Allah ya saka masa."

"Kwanan nan yaushe?"

Ya sosa ƙeya. "Tun wajen lokacin da aka fara ɗaukar rashin lafiyar nan. Ranar da ya je duba ido asibiti a makon jiya kuwa, babu wanda ya tuna. Madarata ta lalace, har yau ina jin haushi."

Injiniya ta yi masa godiya ta wuce. Ta tuna Inna da wayarta, ta tuna alewar kan tebur. Ta ji ba daɗi. Amma kunna firji ba laifi ba ne, kuma ba ta son ta yi abin da ta zargi yayanta da shi.

*

Da safe kafin kowa ya iso, ta ja firjin zuwa bakin ƙofa ta jona shi a wani soket daban. Tsohon makunnin na bayan kabad ta kashe shi, ta bar ɗan akwatin a jone. Darakta ya sanar da ma'aikata cewa tsohon soket ɗin ya fara ƙauri, kada kowa ya ƙara taɓa shi, ga sabon makunnin firji nan a fili.

Daga nan ta zauna a ofishinsa, ta bar ƙofa a ɗan buɗe yadda take hango bakin ɗakin shayi. Zanen ya kwanta shame-shame, babu ɗigo ko ɗaya.

Aka ɗauki fitowar farko aka gama. Mutane suka yi ta shiga suna fita da kofuna. Babu komai. Aka ɗauki ta biyu. Darakta ya shigo yana share gumi, ya tsaya a bayanta.

"Ko ya gane ne?"

"Yi haƙuri. Kashin da ke rumbu yanzu shi ne wanda likita ya ce babu sauran magani. Ba zai bari ya kwana a nan ba."

Lungun ya yi tsit, kowa ya koma zaure gyara fitilu. Sai ga Baba Mai Agogo ya taho a hankali da kofi a hannu, ya shiga ɗakin shayi shi kaɗai. Ya ɗan jima. A allo wani siririn zare kore ya ɗago kai, ya fara ɗiga.

Darakta ya zauna daɓas a kan kujera.

*

Ya tara su a cikin shagon ƙarya, ƙarƙashin agogunan da ba sa tafiya: Dogo, da marubuci, da Baba, da sauran ma'aikata, da Almakashi wadda aka aika aka kira daga gida. Injiniya ta ajiye ɗan akwatin a kan teburin gyara, tsakanin ƙananan sukurori.

"Wannan shi ke kwashe wasanku, kaɗan-kaɗan, ya aika waje," ta ce. "Dogo na da laifinsa, amma ba wannan ba ne, ya riga ya kai kansa. Malam marubuci kuwa shi ma cutarsa aka yi. Akwatin nan wuta ɗaya yake sha da firji, duk sanda kuka kashe firji don ɗauka, shi ma sai ya mutu. Don haka mai shi ya zama dole ya riƙa bin makunnin yana kunnawa. Yau na raba su. Firji na bakin ƙofa, tsohon makunnin kuma babu abin da yake ba wa wuta sai wannan. Mai son ruwan sanyi ba shi da abin yi a bayan kabad." Ta juya, ta rage murya. "Baba, me ka je kunnawa?"

Wani ya yi dariya yana zaton wasa ne, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Baba ya cire tabarau daga goshi ya riƙe a hannu. Ya daɗe yana juya shi.

"Wani mai shafin fina-finai a intanet ne ya ba ni," ya ce. "Ya ce in jona nan da nan, in sa masa kalmar da ke buɗe rumbu, shi ke nan. Ko sisinsa ban karɓa ba. Ni so nake mutane su gani da wuri, su yi ta kuka, a fasa." Ya kalli bangon agogunan. "In na fita titi, yara ba su san sunana ba, Mai Agogo suke kira. Matata ma da shi ta riƙa kirana har ta rasu. In kuka binne shi, wa zai koma gida?"

"Kalmata fa?" in ji Almakashi.

"Ina zaune kusa da ke kullum, 'yata. Ina ganin yatsunki. Wallahi ban san abin zai nuna sunanki ba."

"Da ya nuna fa? Kana tsaye aka ce in kwashe kayana. Ka kawo mini alewa, Baba. Alewa!"

Ya sunkuyar da kai, hodar fuskarsa ta fara yin layi-layi.

Darakta ya zaro waya ya ce 'yan sanda zai kira. Injiniya ta dafa hannunsa. "Mai shafin kam ka kai shi, zan ba ka duk inda kayan suka bi. Amma wannan, ba kai aka fi ɓata wa ba. Tambayi mai haƙƙi."

Duk ido ya koma kan Almakashi. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ja numfashi.

"Ba na son a kai shi ko'ina. Ya tsaya gaban kyamarar Dogo, ba kwalliya, ya faɗi abin da ya yi, ya ce ba ni ba ce, a aika wa masu talla da duk gidan wasan da ya ji labarina. Sannan gobe ya mutu yadda aka rubuta. Kuma ni zan zauna a kan allo, ni zan ce ya yi ko bai yi ba."

Marubuci ya gyaɗa kai da ƙarfi.

*

Aikin Injiniya ya ƙare, ta cire na'urarta, ta toshe ramin tsohuwar firinta, ta sa kowa ya sauya kalmarsa. Amma washegari ta roƙi rabin yini a wurin aiki ta dawo, ta ce ba za a yi wannan babu ita ba. Dogo ya kawo mata kujera da shayi, ta zauna a bayan fitilu hankalinta kwance.

Aka kwantar da Mai Agogo a kan ɗan gadon bayan shago, 'ya'yansa na wasa kewaye da shi. Aka yi shiru. Ya kama hannun babbar 'yar, ya yi mata wasiyya a kan shagon da murya can ƙasa, ya nemi ta yafe masa. Ba ita yake kallo ba, Almakashi yake kallo, kowa ya lura. Hannunsa ya saki, kansa ya karkata. Mai kwalliya ta toshe baki. Dogo na riƙe da kyamara hawaye na bin kumatunsa. Ko marubuci sai da ya juya baya yana neman hankici.

"Yanke," in ji Darakta a hankali. Ya waiga wajen allo. "Ya yi?"

Almakashi ta zare abin sauraro daga kunne ɗaya. Idonta jawur, amma muryarta garau.

"A sake. Gawar na numfashi."

Baba ya tashi zaune, ya gyara matashi, ya koma ya kwanta ba musu. Ya sake mutuwa, ta ce ƙafarsa ta motsa. Ya sake, ta ce ƙuda ya gifta. Wajen karo na nawa ne, dariya ta fara kuɓuce wa mutane, har shi kansa mamacin kafaɗarsa na rawa ƙarƙashin mayafi. Injiniya ta ƙare shayinta ta sake zuba wani.

Sai da rana ta karkata, Almakashi ta ajiye abin sauraron a kan tebur. Ta taso ta tsaya a bakin gadon, ta daɗe tana kallonsa.

"Tashi, Baba," ta ce. "Na farkon zan saka."